Man Leɓe Daga Itatuwan Gonakinmu



Na san wasu sun yi murmushi da suka ji abin da zan yi magana a kai. To, amma duk wanda ya taɓa yin hunturu a Makoɗa, ya ga yara da safe sun nufi makaranta leɓunansu a tsage har da jini, ba zai raina zancen ba.

Fatar leɓe ta fi sauran fatar fuska rashin kauri, kuma ba ta fid da maiƙo na kanta. Saboda haka idan iskar hunturu ta taso tun daga watan Nuwamba, leɓe ne ke fara bushewa. Yaro kuwa sai ya riƙa lasa, miyau ya bushe ya tafi da ɗan danshin da ya rage. Maganin shi ne a shafa wani mai da zai hana danshi fita.

Abin da muka saba saya a kanti, watau basilin, daga ɗanyen man fetur ake samunsa. Wani Robert Chesebrough ne ya yi masa rajista a Amurka a 1872. Ba na kushe shi, yana aiki. Sai dai tun kafin wannan, a 1796, Mungo Park ya tarar da mutanen ƙasar Bambara suna tatsar mai daga ƙwallon kaɗanya, ya kuwa yaba shi ƙwarai. Kakanninmu mata da man kaɗe da man shanu suka yi ta raba 'ya'yansu da kaushi.

Ga yadda ake haɗawa. A sami cokali uku na man kaɗe, cokali ɗaya na man gyaɗa, da cokali ɗaya na kakin zuma, wanda masu amya sukan zubar bayan sun matse saƙa. A zuba su cikin gwangwani mai tsabta, a sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Kada a ɗora shi kan wuta kai tsaye, don mai zai ƙone ya yi ƙauri. Man kaɗe da ɗumin jiki ma yakan narke, shi kuwa kaki sai zafi ya kai wajen digiri 62. Dalili ke nan da ya sa haɗin ba ya tsiyaya cikin aljihu. Idan sun narke, a tace da ƙyalle, a zuba a ƙananan gwangwanaye, a bari ya daskare.

Sai batun ƙamshin 'ya'yan itace, inda masu koyo suka fi tuntuɓe. Kada a matsa ruwan lemo ko na mangwaro a ciki. Ruwa da mai ba sa haɗuwa, kuma cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna. A busar da ɓawon lemon zaƙi, a jiƙa shi cikin man gyaɗar tsawon mako biyu, sa'an nan a tace. Garin goruba ko na magarya ma yana ba da ƙamshi, amma kaɗan ne, kada a sa rai da yawa. Tsamiya da lemon tsami kuwa a bar su ga masu kunu, domin raɗaɗi za su sa wa tsagaggen leɓe. Ni a ganina ma, na yara kada a sa masa zuma ko sukari. Da zarar ya yi zaƙi, lashe shi za su yi, mu koma gidan jiya.

Abin da ya dame ni shi ne ita kaɗanyar. Manomin ƙasar Kano ya saba barin ɗorawa da tsamiya da kaɗanya a tsakiyar gona, yana noma gero a ƙarƙashinsu. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma mai neman itacen girki rana ɗaya ta ishe shi ya kayar da ita. Kamfanonin Turai suna sayen ƙwallonta don yin cakulan da man shafawa, har a watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da shi ɗanye na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida.

Idan kun tafi hutu, ina roƙon kowa ya ƙidaya kaɗanyar da ta rage a gonar gidansu, ya tambayi mahaifinsa nawa ya gada. Mu kawo lissafin mu haɗa idan an dawo.