AUREN MAGARYA DA CINIKINTA: JAWABIN ƳAN GARKA A TARON ƘUNGIYA



Maigari, dattawan gari, iyayenmu mata, da ku ƴan'uwa ƴan ci-rani da kuka zo gida, da waɗanda wannan takarda za ta iske a Yamai, Kwatanu, Legas ko Abijan, muna gaishe ku. An ba mu magana yau don mu faɗi inda aka kwana game da aikin magarya da muke yi cikin garkar bakin tabki. Za mu faɗi abin da muka koya, mu faɗi kuskuren da muka yi, sannan mu roƙi abu ukku.

1. MAFARIN AIKIN

Mu ba ma'aikatan gandun daji ba ne. Manoman hatsi ne kamar kowa. Aikin icce sha'awa ce muke yi da marece, in an taso daga gona. Dattawa sun san yadda dajinmu ya kasance kafin farin 1973 da na 1984, sun kuma ga yadda ya koma fili. Tun 1975 ake dasa itatuwa ranar 3 ga watan Agusta, amma kowa ya san da yawansu ba su kai bazara: awaki su ci, ko ƙishirwa ta kashe. Magarya kuwa ba wanda ya dasa ta, ba wanda ya ba ta ruwa, ga ta nan tsaye. Saiwarta na zuwa nesa cikin ƙasa. Aibinta guda: ɗiyanta ƙanana ne, ƙwallo ya fi nama yawa.

A Sadore, kudu da Yamai, akwai cibiyar binciken noma ta ICRISAT. Wani masani mai suna Dov Pasternak, wanda ya fara aiki can a 2001, shi da abokan aikinsa sun yaɗa irin magaryar ƙasar Indiya, wadda aka laƙaba ma suna pom di Sahel, wato tuffar Sahel. Iri-iri ce. Akwai Gola, mai ɗiya kewayayyu, ita ke riga nuna. Akwai Seb, mai kama da tuffa. Akwai Kaitali. Akwai Umran, mai manyan ɗiya masu ɗan tsawo, ita ke nuna daga baya, ta kuma fi sauran jure ajiya. Ɗa guda ya kan kai girman ƙwan kaza, ana cin shi ɗanye, yana da ruwa da zaƙi. Daga hannu zuwa hannu rassanta suka iso gare mu.

2. YADDA AKE AUREN

Wannan baƙuwar magarya ba a shuka ta, aurar da ita ake yi, kamar mangwaro. Mu nan muna ce ma gindin magaryar gida "uwa", reshen da aka ɗauko kuma "amarya". Uwa ke neman ruwa, amarya ke haihuwa.

Da farko a fasa ƙwallon magaryar gida a hankali, a fidda ƙwayar ciki, a shuka cikin leda mai ƙasa da taki. In ba a fasa ba, tsiron na daɗewa. In tsiro ya kai kaurin alƙalami, ya isa aure.

A yanko reshe lafiyayye daga iccen da aka san irinsa, mai kauri daidai da na uwa, mai ido biyu ko ukku. A cire ganye. A fiƙe gindinsa gefe biyu da aska mai kaifi. A datse kan uwa kamar taƙi guda daga ƙasa, a tsaga ta tsakiya, a cusa amarya. Ga inda asirin yake: sai ɓawon uwa da ɓawon amarya sun haɗu, ko da gefe guda ne, don ta ƙarƙashin ɓawo ruwan icce ke bi. A ɗaure tam da zaren leda, a kifa ƙaramar leda bisa, a aje cikin inuwa. Cikin sati biyu zuwa ukku, in ido ya toho, aure ya kama. Sai a cire ledar bisa, daga baya a kwance ɗaurin kada ya shaƙe icce.

Reshen da aka yanko da safe a yi aiki da shi ran nan, ko a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma. Karonmu na farko mun bar rassa cikin rana, mun yi aiki da wuƙa dakusassa, kusan duka suka mutu. Mutane sun yi mana dariya, kuma da gaskiyarsu.

Ana iya auren magaryar da ke tsaye cikin gona. A sare ta, in ta yi sabon toho a zaɓi biyu ko ukku masu ƙarfi a aura musu. Wannan ta fi saurin girma, don saiwarta ta riga ta kafu. Masu sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa a jihar Maradi tun wajen 1983, sun riga sun bar magare cikin gonakinsu, to aikinsu ya zo da sauƙi. Amma a sanar da ma'aikatan gandun daji kafin a sa gatari, kada a shiga rigima.

3. RENO

Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure na uwa ne, a cire shi. In an bar shi, zai rinjayi amarya, icce ya koma magaryar daji. A kewaye da ƙaya saboda awaki. A bar taki shida ko bakwai tsakanin icce da icce. A ba dashe ruwa ranin farko. Kowace shekara, cikin bazara, a rage rassa sosai, don bisa sabon reshe take haihuwa. Wanda ya ji tausayin sara ba zai ga ɗiya masu girma ba.

Babban abokin gaba shi ne ƙudan da ke yin ƙwai cikin ɗiya, tsutsa ta cinye ciki. Duk ɗiyan da suka faɗi a tsince a turbuɗe cikin rami mai zurfi. A tsinke da zarar sun fara yin rawaya, kada a jira su yi laushi. Ku sani kuma ba su ajiyuwa kamar magaryar gida, kwana kaɗan ne su lalace. Sai mai saye ya samu kafin a tsinke. Shi ya sa ba mu ce a aurar da dukan magaren daji ba. Ta gida ita ke bushewa a aje, ita ake dakawa a yi akuri, ita yara ke ci cikin rani. Kowace da amfaninta.

4. KUSKURENMU

Yanzu ga maganar da ta fi mana nauyi. Da itatuwanmu suka fara haihuwa, mutane suka riƙa neman dashe. Aure aiki ne mai wuya, sai muka ce: tunda ga ƙwallon Gola a hannu, mu shuka shi mana. Muka shuka, ya tsira da kyau, muka kai kasuwa muka sayar da sunan Gola. Ba mu yi nufin zamba ba, amma ba mu tambayi masu sani ba.

Bana wani dattijo daga garin maƙwabta ya zo ƙofar maigari da ƴar ƙwarya a hannu. Ya buɗe, sai ga ɗiya ƙanana masu tsami. Shekara biyu yana jan ruwa da guga yana ba itatuwan da ya saya wurinmu. Bai yi zagi ba, bai nemi kuɗi ba. Ya aje ƙwaryar ya ce a nuna mana. Ran nan mun rasa inda za mu sa fuskarmu.

Abin da ba mu sani ba shi ne, ƙwallon iccen aure ba ya maido uwarsa. Fure ya kan ɗauki gari daga wata magarya, ɗan da zai fito sai abin da aka gani. Reshe kaɗai ke riƙe iri. Mun tafi garkar dattijon mun aura ma itatuwansa rassa na gaskiya, ba mu karɓi ko dala ba. Amma shekara biyunsa ba mu iya maido masa. Akwai kuma wasu da suka saya ran kasuwa waɗanda ba mu san garinsu ba. Duk wanda ya san ɗayansu, don Allah ya aiko mana, mu je mu gyara. Mai sayar da goro in ya cuce ka, ran nan za ka gane. Mai sayar da icce sai bayan shekaru, kuma sunan gari ne ke ɓaci, ba nasa kaɗai ba.

Saboda haka mun ɗauki alkawari gaban ku. Ba mu ƙara sayar da dashen da ba shi da tabon aure. Kowane dashe zai fita da sunan irinsa ɗaure a jiki. Za mu rubuta sunan mai saye da garinsa cikin littafi. Wanda ya iske ba irin da aka faɗa masa ba ne, a sake masa ko a maida masa kuɗinsa. Ku ma in za ku sayi dashe ko'ina, ku duba tabon, ku ce a nuna muku iccen da aka yanko reshen.

5. ROƘONMU

Na farko, ga maigari da dattawa: muna roƙon a keɓe fili kusa da rijiya inda za a tsaida iyayen itatuwa, kowane iri da layinsa, a rubuta a takarda cewa na ƙungiya ne, don kada gardamar gado ta taso bayanmu.

Na biyu, ga ƴan ci-rani: mun san kuɗin da kuke aikowa da gumi kuka same su. Ba mu ce magarya za ta maye muku tafiya ba, ƙarya ce in mun faɗa. Amma tana nuna cikin sanyi, lokacin da aikin gona ya ƙare, tana kawo ma gida kuɗin cefane. Shingen waya da yasar rijiya muke nema. Abin da aka tara za a karanta shi gaban taro, a kuma buga cikin wannan takarda.

Na ukku, ga samari da mata: aure ba sirri ba ne, ba gado ba ne. Kowace Juma'a bayan la'asar muna cikin garka. Kowa ya zo da askarsa. Hannu ke koyo, ba kunne ba.

Wanda ya dasa icce ba kullum shi ke shan inuwa ba. Magaren da muke ci yau, waɗanda suka riga mu ne suka ƙyale su cikin gonaki. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya.