Maɓoya Iri Biyu: Jawabi Ga Taron Dattawa



Yau za mu duba kalmar maɓoya. Daga ɓoyewa ta fito, kamar yadda makaranta ta fito daga karatu, mahauta kuma daga aikin mahauci. Ma'anarta wurin da mutum yake shiga don kada a gan shi. Ta bambanta da mafaka, domin mafaka tana iya kasancewa a fili, kowa ya san inda take, amma maɓoya da zarar an san ta, ta tashi aiki.

A rediyo mun saba jin kalmar tare da 'yan fashi da masu satar mutane, har ta yi mana baƙin jini. Littafi Mai Tsarki ma ya san wannan fuskar. A Irmiya sura 7, annabin ya zargi mutane da mai da Haikali kogon ɓarayi, Yesu kuma ya maimaita zargin sa'ad da ya kori masu ciniki. Mu lura, ɓarawo ba a kogonsa yake sata ba. Can yake komawa ya huta bayan ya gama. Ikilisiyar da ke rufa wa mai cin amana asiri don yana ba da baiko mai kauri ta zama irin wannan kogon.

Amma akwai ɗaya fuskar. Dauda ya ɓuya a kogon Adullam yana gudun Saul, mutum wajen 400 suka taru wurinsa, matsattsu da masu bashi. Obadiya, wakilin gidan Sarki Ahab, ya ɓoye annabawa 100 daga hannun Yezebel, hamsin hamsin a kogo, yana kai musu abinci da ruwa. Da an gane, da kansa ya tafi.

Mu da muke tsiraru a garuruwanmu mun san wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Yuni na 2018, a Nghar Yelwa cikin Barikin Ladi ta Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga.

Saboda haka muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su tattauna a zamansu na gaba: in maƙwabcin da ba na addininmu ba ya buga ƙofa da dare yana gudun mutuwa, ɗakin wa za a buɗe masa, wa kuma zai tsaya a ƙofa?