Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kasafin Kuɗin Jarrabawar Turanci ga 'Ya'yanmu Masu Neman Karatu ko Aiki a Ƙetare

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba tsohon hedimasta dama ya tofa albarkacin bakinsa. Da aka aiko mana da takardar gayyata, an bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai. Mun zaɓi batun jarrabawar ƙwarewa a harshen Turanci da kuɗin da take ci, saboda wani abu da ya faru a gaban idonmu.

Akwai wata yarinya 'yar garin nan, wadda mahaifinta ya taɓa zama a ajinmu. Ta kammala makarantar koyon aikin jinya da sakamako mai kyau, ta ƙudurta neman aiki a Ingila. Aka ce sai ta kawo shaidar jarrabawar IELTS. Mahaifinta ya sayar da san da ya turke, ya biya kuɗin rajista, bayan mako uku ta hau mota ta je ta zauna jarrabawa. Da sakamako ya fito, ta sami maki 7 a sassa uku, ta sami 6 a rubutu, alhali hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a can 6.5 take nema a rubutu. Rabin maki ya tsayar da tafiya. Babu kuɗin sake zama, sai aka jira kaka, kafin kaka kuwa kuɗin jarrabawa ya tashi. Uban ya same mu a zaure ya ce, "Malam, da na san haka lissafin yake, da ban yi gaggawa ba." Wannan magana tasa ita ce ginshiƙin jawabinmu na yau.

Mece ce jarrabawar?

Jami'o'i da hukumomin ba da biza da na sana'o'i a ƙasashe irin su Ingila da Kanada da Ostareliya da Amurka sukan nemi shaidar cewa baƙo zai iya ji, ya karanta, ya rubuta, ya kuma yi magana da Turanci. Wadda ta fi shahara a wurinmu ita ce IELTS, wadda aka fara a 1989, kuma British Council da IDP ta Ostareliya da sashen jarrabawa na Jami'ar Kambirij suka mallake ta tare. Akwai TOEFL, wadda hukumar ETS ta Amurka ke gudanarwa, an fara ta tun 1964. Akwai PTE, da OET ta ma'aikatan lafiya, da kuma ta Duolingo wadda ake yi daga gida ta intanet.

IELTS tana ɗaukar kimanin awa biyu da minti 45. Sauraro minti 30 ne da tambayoyi 40, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Karatu awa ɗaya ne, shi ma tambayoyi 40. Rubutu awa ɗaya ne, aiki biyu: na farko aƙalla kalmomi 150, na biyu aƙalla 250, kuma nauyin na biyu ya ninka na farko a wajen ba da maki. Magana kuwa minti 11 zuwa 14 ce tare da mai jarrabawa. Maki mafi girma shi ne 9. Abin da ya wajaba kowa ya riƙe shi ne, shekara biyu kawai aka saba karɓar sakamakon, daga nan ya zama takardar tarihi.

Tambaya kafin biya

Matakin farko na kasafi ba ya cin ko kwabo. Shi ne a rubuta wa makarantar ko hukumar da ake nufi, ko a duba shafinta, a san ainihin abin da take so. Dalili uku ne suka sa muka faɗi haka.

Na ɗaya, jami'o'i da dama a Ingila suna karɓar sakamakon WAEC daga ɗan Nijeriya idan ya sami C6 ko sama da haka a Turanci, wasu kuma sukan karɓi takarda daga jami'ar da ya gama mai shaida cewa da Turanci aka koyar da shi. Wanda wannan rangwame ya shafa, tambaya ɗaya ta tsirar masa da dubban ɗaruruwan naira.

Na biyu, IELTS iri biyu ce. Akwai Academic, ta masu neman shiga jami'a da masu neman rajistar sana'a kamar likitoci da ma'aikatan jinya. Akwai General Training, wadda Kanada ke nema daga masu son zama a can ta hanyar ƙwarewar aiki. Akwai kuma wadda ake yi wa rajista da sunan UKVI domin wasu nau'o'in bizar Ingila, ita kuwa kuɗinta ya ɗara. Wanda ya biya wadda ba ita ake nema ba, ya yi asara ko da ya sami 9.

Na uku, makin da ake buƙata ya bambanta. Darussan jami'a da yawa sukan tsaya a 6 ko 6.5. Ma'aikacin jinya mai nufin Ingila yana buƙatar 7 a jimla. Likita yana buƙatar 7.5 a jimla, kuma kada ya gaza 7 a kowane sashe. Sanin makin da ake nema shi ke nuna tsawon shirin da za a yi, tsawon shiri kuwa shi ke nuna kuɗin da za a kashe.

Gida biyar na kasafi

Yawancin iyaye kuɗin rajista kaɗai suke ji, shi suke nema, shi suke biya. A lissafinmu gidajen kashe kuɗi biyar ne.

Gida na farko shi ne kuɗin rajista. A ƙarshen 2023 kuɗin IELTS a Nijeriya bai kai naira 110,000 ba. Zuwa watan Maris na 2024 ya haura naira 250,000. Dalilin a bayyane yake: kuɗin jarrabawar yana bin kuɗin waje, naira kuwa tun da aka sake ta a kasuwa a watan Yuni na 2023 ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Idan muka tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, za mu ga cewa zama ɗaya ya fi albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci. Don haka kada a dogara da farashin da wani ya biya bara. A duba na ranar, sannan a ɗora wani abu a kai saboda tashin da ka iya zuwa kafin a gama tari.

Gida na biyu shi ne fasfo. Ba a rajista sai da fasfo mai rai, kuma shi ɗin za a nuna ranar jarrabawa. Daga ranar 1 ga Satumba, 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Fitowarsa takan ɗauki lokaci, don haka shi ya kamata a fara nema.

Gida na uku shi ne shiri: littattafan tambayoyin baya da Kambirij ke bugawa, kuɗin data, kuɗin cajin waya ko man janareta, da ladan malami idan akwai buƙata. Tun da kwamfuta ce ke maye gurbin takarda a wannan jarrabawa, yaron da bai saba bugun rubutu ba sai an tanadar masa inda zai riƙa gwadawa.

Gida na huɗu shi ne tafiya da masauki. A manyan birane irin su Abuja da Legas da Fatakwal da Kano ake zama jarrabawar. Akan yi sashen magana a rana ɗaya da sauran, akan kuma sa shi wata rana dabam cikin mako guda kafin ko bayan su. Ke nan a lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, da kwana biyu ko uku, da abinci. Idan 'ya mace ce za a raka, a ninka. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 wannan gida ya daina zama ƙarami.

Gida na biyar shi ne ajiyar ko-ta-kwana, kuma shi ne wanda abokinmu mai sa bai tanada ba. Wanda bai gamsu da makinsa ba yana iya neman a sake duba takardarsa cikin mako shida, da kuɗi, a mayar masa idan makin ya ƙaru. Wanda ya yi a kwamfuta kuma, a cibiyoyin da ke da tsarin, yana iya sake sashe ɗaya kaɗai cikin kwana 60, a kan kuɗin da bai kai na cikakkiyar jarrabawa ba, muddin inda zai kai sakamakon suna karɓar haka. Duk waɗannan ƙofofi ne masu wa'adi. Wanda sai ya jira kaka kafin ya sami kuɗi, kafin ya iso an rufe.

Mu ɗauki misali domin sauƙin lissafi. A ce an haɗa gidajen nan biyar sun kama naira 600,000. Idan aka raba a wata goma, naira 60,000 ke nan a wata. 'Yan'uwa uku masu albashi, kowa ya ɗauki 20,000, sun gama ba tare da an taɓa gona ko dabba ba. Watannin nan goma kuwa ba a zaune yaro zai yi su ba, su ne lokacin shirinsa.

Inda ake tsimi da inda ba a yi

Mun shafe shekara talatin da biyar muna riƙe da alli, kuma mun san inda 'ya'yanmu ke tuntuɓe. Suna karanta Turanci su fahimta, amma ba su saba furta shi ba, ba su kuma saba tsara hujja a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci ba. A zamaninmu na kwalejin horon malamai, kowane mako sai mun rubuta insha'i, malami ya bi shi da jan biro, mu sake kwafa. Wannan tsohuwar hanya har yau ita ce magani. Yaro ya rubuta insha'i biyu a mako, agogo na gabansa, minti 40 ga kowanne, wani masani ya gyara masa. Ya saurari labaran Turanci a rediyo kullum na rabin awa. Ya sami abokin da za su riƙa hira da Turanci zalla. Tambayoyin gwaji kuwa akwai su kyauta a shafukan masu jarrabawar.

Idan za a biya malami, a biya shi domin gyaran rubutu da horon magana, don su ne mutum ba ya iya auna kansa a cikinsu. Kafin a ba wata cibiyar horo kuɗi, a nemi waɗanda suka yi karatu a can a ji daga bakinsu. Ƙa'idar da muke ba iyaye ita ce: kada a biya kuɗin rajista sai yaro ya yi cikakken gwaji sau uku a jere, cikin lokacin da aka ƙayyade, yana samun makin da ake nema. Jinkirin wata biyu ya fi araha a kan biya sau biyu.

Haka kuma a lura da lokaci. Mun san wani saurayi da ya ci jarrabawar da kyau tun yana hidimar ƙasa, amma kuɗin makaranta bai haɗu ba sai bayan shekara biyu da watanni. Ya sake biya. A tsara zama yadda shekara biyun za ta rufe neman gurbi da neman biza gaba ɗaya.

Sai gargaɗi. Akwai masu yawo a wayoyin yaranmu suna cewa a biya su za su kawo takardar sakamako ba tare da zama ba, ko su ƙara maki daga ciki. Jami'o'i da ofisoshin biza suna tantance kowane sakamako kai tsaye daga rumbun masu jarrabawar. Wanda aka kama da jabu ya rasa kuɗinsa, ya rasa gurbinsa, ana kuma iya hana shi biza na shekaru. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. A yi rajista a shafin masu jarrabawar ko a ofishinsu, a karɓi rasit.

Kiranmu ga 'yan ƙungiya

Ku da ke zaune a birane, akwai gidajen kasafin nan da za ku iya rushewa ba tare da kun ciro kuɗi daga aljihu ba. Ɗakin baƙi na kwana biyu a Abuja ko Kano ya share gida na huɗu kusan duka. Littafin da ɗanka ya gama da shi, ka aiko da shi sakatariya wani ya amfana. Malaman Turanci da ke cikinmu, masu aiki da masu ritaya, za su iya ware yammacin Asabar domin gyaran insha'i, mu ma a sa sunanmu a farkon jerin. Muna kuma ba kwamitin ilimi shawara ya duba yiwuwar buɗe ƙaramin asusun rance marar ruwa, wanda za a riƙa ba yaron da ya nuna takardar gurbi da sakamakon gwajinsa, ya biya idan ya kama aiki, na bayansa ya samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin mu zauna, mu ƙarasa muku labarin yarinyar nan. Ta yi wata huɗu tana kawo mana insha'i duk Litinin da Alhamis. Kawunnanta biyu suka haɗa kuɗi, wata gwaggonta ta sauke ta a birni. A zama na biyu ta sami 7 a rubutu. Da an yi wannan tsari tun farko, da sa ɗaya ya isa, har da canji.

Muna roƙon iyaye su ɗauki takarda da biro, su rubuta gidajen nan biyar, su zauna da 'ya'yansu a cike su tare kafin a fitar da naira ɗaya. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.