Dillaliya da Shafinta na Intanet

 Yau zancen dillancin gidaje da filaye za mu yi, sana'ar da nake yi a nan Kano, da abin da na koya tun da na buɗe shafina na kaina a intanet.

Wata za ta ce, to Hajiya, ga Facebook ga WhatsApp, me ya kai ki wannan wahala? Ai waɗannan rumfar aro ce, 'yar'uwa. Ranar da aka rufe miki asusu, ke da masu cinikinki sai dai a haɗu a hanya. Shafinki kuwa shagonki ne, in dai makullin na hannunki. Sunan shafi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, kuma haya ce, duk shekara ake sabuntawa. Don haka yaron da zai gina miki shafin, ki tsaya a kansa ya yi rajista da sunanki da imel ɗinki. Na san wata abokiyar sana'a da suka saɓa da nata yaron, ya tafi da lambar sirrin. Shekara ta zagayo ba a biya ba, shafi ya mutu, ga sunansa a jikin katinta da allon ofishinta.

To me za ki zuba a ciki? Ni dai na lura mai saye bai damu da ado ba. Tambayarsa ita ce: wace unguwa, Hotoro ko Rijiyar Zaki? Ƙafa 50 da 100 ne ko rabinsa? Akwai ruwa? Mota na shiga layin da damina? Nawa ne? Wannan "farashi sai an zo" da muka saba da shi a bakin kasuwa, shi ke korar ɗan'uwanmu da ke Jidda ko Landan, wanda ya tara gumin shekaru yana tsoron a cinye masa. Ki rubuta kuɗin, ki rubuta la'adarki a fili.

Sai maganar takarda, kuma nan ne ake kuka. Ki faɗi gaskiya: shaidar mallaka ce ta gwamnati, ko takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa? Ba ɗaya ba ne. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma sauya sunan mai shaidar mallaka sai da amincewarsa. Ni a ƙarƙashin kowane fili nakan rubuta cewa mai saye ya je KANGIS ya bincika kafin ya ba da ko kwabo. Amma hoton takardar kanta, kul, kada ki ɗora. 'Yan damfara lambar suke nema. Hotunan gidan ma ki buga musu sunanki a tsakiya, ki sa a rage musu nauyi, don yawancin masu dubawa da waya suke, data kuma kuɗi ce. Gidan da aka sayar ki cire shi a ranar.

Akwai abin da mu mata muka fi gani. Gidaje da yawa na gado ne, ko na wanda bashi ya ci, kuma iyali na ciki. Kada ki ɗauki ɗakin matar gida da jerenta ki baza wa duniya, balle fuskokin yara. Ki nemi izini, ki ɗauki tsakar gida da bango da ƙofa, ki ambaci unguwa ba lambar gida ba. Ke ma haka: lambar wayar aiki daban, adireshin ofis kawai, kuma baƙon da ya same ki ta shafi kada ki kai shi kango ke kaɗai, ki tafi da ɗanki ko ƙanenki.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa batun 'yan haya da kuɗin shekara. A huta lafiya.