Awo Kafin Amincewa: Tantance Manhajojin da Ba Su da Cibiya Ɗaya



Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Getso ta ƙasar Gwarzo ya san cewa mai saye ba ya dogara da rantsuwar mai sayarwa. Mudu ake kawowa a auna a gabansa. Wannan lacca tana magana ne a kan irin wannan mudu a duniyar intanet.

Akwai manhajojin da aka gina bisa tsarin bulokcen, watau kundin lissafi wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ta yadda babu mai iya sauya shi shi kaɗai. Amma fa shafin da ma'aikaci a Kabo yake buɗewa a wayarsa domin ya isa ga kundin, galibi daga kwamfutar kamfani ɗaya yake zuwa. Nan ne ɓarakar take. A watan Fabrairu na 2025 ɓarayi suka gurɓata shafin Safe, wanda jami'an kamfanin Bybit ke amfani da shi wajen sa hannu. Jami'an suka ga allo ya nuna musu daidai, suka amince, aka kwashe kuɗin Ether na kimanin dala biliyan ɗaya da rabi. Kundin bai yi ƙarya ba. Shafin ne ya yaudare su.

Maganin da masana suka fito da shi shi ne a ba kowane fayil lamba wadda daga cikinsa aka lissafo ta. Alal misali, lissafin SHA-256, wanda aka bayyana a 2001, yakan fitar da lamba mai alamomi 64, kuma ko harafi ɗaya aka sauya a fayil, lambar za ta birkice gaba ɗaya. A kan wannan dabara Juan Benet ya gina tsarin IPFS, wanda ya fito a 2015: da lambarsa ake neman shafi, kowa na iya kawo shi, sa'an nan na'urar mai karɓa ta sake lissafi ta gwada.

Sai dai akwai sharaɗi biyu. Lalle ne lambar asali ta fito daga tushe tabbatacce, kamar rajistar sunaye ta ENS da ke kan Ethereum. Na biyu, na'urar mutum ce za ta yi awon da kanta, domin in wata kwamfuta ta tsakiya ce ta auna masa, ya koma ga rantsuwar dillali ke nan.

Saboda haka ya kamata ɗalibi da ma'aikaci, kafin su sa hannu a kan dukiyarsu ko ta hukuma, su tambaya: daga ina shafin nan ya fito, wa kuma ya auna shi?