Jawabin Taron Manoma Kan Ɓarnar Kurege da Ɓera

 

Kakanninmu da gyadu sunka yi fama cikin fadamun Dallol Mauri. Daji ya janye, gyadu ya yi nisa. Yau kurege da ɓera ke tone muna irin hatsi da gujiya tun bai tsiro ba. Bara da yawanmu sai da munka sake shibka.

Ga shawarar da munka yanke:

1. A bizne tulu bakin gona, bakinsa daidai da ƙasa, ruwa rabi, dusa bisa. Ɓeran da ya faɗa ba ya fita.
2. A ɗana tarko bakin ramin kurege, a duba safe da marece.
3. Ban da guba, saboda yara da kaji. Ban da sa wuta ga daji.
4. A bar mujiya, ɓera take ci.

Babbar magana, mu fara rana ɗaya, ranar ruwan shibka. In mutum guda ya kama nasa, na gonar maƙwabci su cika gurbi.

Allah shi ba mu damana mai albarka.