Takardu Uku da Ake Ɗauka Ɗaya: Rajistar Suna, Kafa Kamfani da Tambarin Kaya



Da aka ce in yi magana a wannan zama, sai na tuna da wata takarda da ke rataye cikin gilashi a rumfar wani kawuna, mai sayen bandararren kifi a Yelwan Yauri. Ranar da ta iso hannunsa har walima ya yi, yana ce wa abokan ciniki ai yanzu ya zama kamfani. Ni ma a lokacin haka na zata. Sai da na zo jami'a na gane cewa abin da ke hannunsa rajistar sunan kasuwanci ce kawai, kuma tsakaninta da kamfani akwai tazara kamar ta Yauri da Birnin Kebbi. Kuskuren nan ba nasa ne shi kaɗai ba. Tun daga Wara ta ƙasar Ngaski har zuwa Shanga za ku iske masu jiragen ruwa, da dillalan albasa, da masu injin casar shinkafa, kowa da takardarsa, kaɗan ne suka san iyakar abin da ta ba su.

Bari mu fara da ta kawuna. Dokar da ke aiki a yau ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, kuma Hukumar CAC ce ke zartar da ita. Dokar ta ce wanda ke ciniki da sunansa na ainihi, ba ƙari, ba sai ya yi rajista ba. Amma in ya raɗa wa sana'arsa wani suna dabam, to lalle ya kai sunan ga hukuma cikin kwana 28 da fara cinikin. Hikimar a fili take: jama'a su san wane ne a bayan sunan. Da wannan takarda mutum zai buɗe asusun banki da sunan sana'arsa, ya kuma buga rasit. Iyakarta ke nan. A idon shari'a, mai sana'ar da sana'ar mutum guda ne. In kaya suka lalace a hanyar Anaca, bashi ya hau, mai bin bashi zai bi har gona da gida da shanu. In kuwa mai sana'ar ya rasu, dukiyar ta shiga gado, sunan ya zama fanko.

Kamfani kuwa wani abu ne dabam, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Ranar da hukuma ta ba da takardar kafa kamfani, doka na ɗaukar cewa an haifi wani sabon mutum, wanda ba shi da jini da tsoka, amma yana iya mallakar fili, ya ci bashi, ya kai ƙara, a kuma kai shi. Wannan ƙa'ida ta kafu ne a Ingila kan shari'ar wani baduku mai ɗinkin takalma a Landan, Aron Salomon. A 1892 ya mayar da sana'arsa kamfani, ya riƙe hannun jari 20,001, matarsa da 'ya'yansa biyar kowa ɗaya. Ba a daɗe ba kasuwa ta karye, aka nemi a kama shi da kansa ya biya, tun da ai shi ne kamfanin. A 1896 kotun ƙoli ta ƙasar a wancan zamani ta ce a'a, Salomon dabam, kamfaninsa dabam. Kotunan Nijeriya har yau a kan wannan suke tafiya.

To, ku auna wannan da sha'anin ruwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya shanye tsibirai da gonaki, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in zuwa sababbin matsugunai, jirgin ruwa ya zama motar mutanenmu. A ce mutum biyar sun haɗa kuɗi sun sayi jirgi da inji. In rajistar suna suka yi, watau tarayya ce, kowannensu na iya ɗaukar nauyin bashin sana'ar gaba ɗaya, ko da kuwa ɗayansu ne ya ciwo shi da sunanta. In kamfani suka kafa, jirgin na kamfani ne, asarar kowa ta tsaya kan hannun jarin da ya ɗauka. In ɗayansu ya rasu, magada su gaji hannun jarinsa, jirgi ya ci gaba da jigila, ba sai an sayar da shi an raba kuɗi ba. A ganina wannan fa'ida ta ƙarshe ita ce ta fi kamata a yi wa iyayenmu bayaninta, domin sau nawa muka ga babbar sana'a ta watse kafin sadakar arba'in?

Amma kada wani ya fita daga nan da zaton kamfani laya ce. Ba mu manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgi maƙare da mutane ya nutse a kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa. Wanda ya yi lodin da ya wuce kima ya jefa rayuka cikin halaka, takardar kamfani ba za ta kare shi daga hukuncin sakacinsa ba. Haka nan in aka kafa kamfani don zamba, kotu na iya yaye labulen ta kama masu shi. Banki ma ba wawa ba ne, galibi ba zai ba ƙaramin kamfani rance ba sai mai shi ya sa hannu ya tsaya da kansa. Ga kuma ɗawainiya: kai rahoto ga hukuma kowace shekara, da tsare littafin lissafi, da raba aljihun kamfani da aljihun maigida, abin da ke yi wa mutanenmu wuyar gaske. Sauƙin da dokar 2020 ta kawo shi ne, mutum ɗaya tak na iya kafa kamfani mai zaman kansa, alhali da sai biyu, kuma mafi ƙarancin hannun jarin da za a fitar naira 100,000 ne. Wanda ke son ya gane takardar da ke hannunsa, ya dubi lambarta. In BN ce a gaba, suna ne. In RC ce, kamfani ne.

Na dawo ga kawuna, don a takarda ta uku ne ya sha kashi. Yakan buga hoton kwalekwale da kifi biyu a jikin kwalayensa, masu saye a kudu kuma sun san hoton, sun yarda da bandarsa. Kwatsam sai ga wasu kwalaye da hoto iri ɗaya, cike da kifin da bai bushu ba. Ya ɗauko takardarsa yana cewa ai yana da rajista. Nan ya ji cewa takardar sunan shagonsa ta tsare, ba hoton ba. Tambarin kaya ba a hannun CAC yake ba sam. Ofishinsa na ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, dokarsa kuma ta 1965 ce. Ana nema, a bincika, a buga tambarin a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko wani zai yi jayayya. In an ba ka, shekara 7 ne da farko, sa'an nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Rajistar kuma aji-aji ce, guda 45: bandararren kifi na aji na 29, shinkafa na 30, ɗanyar albasa na 31. Wanda ya tsare tambarinsa a kan kifi, bai tsare shi a kan shinkafa ba.

Ba wai wanda bai yi rajista ba ba shi da ta cewa. A 1961 kamfanin Niger Chemists ya yi ƙarar wasu da suka buɗe shago a titi ɗaya da shi a Anaca da sunan Nigeria Chemists, kotu kuwa ta hana su, domin sunan na iya ruɗa masu saye. Sai dai a irin wannan ƙara kai ne za ka kawo shaidu ka tabbatar cewa an san ka da tambarin, kuma an cuce ka. Mai rajista kuwa takardarsa zai ajiye gaban alƙali. Kawuna ya lissafa kuɗin lauya da na mota, ya haƙura ya sake hoto.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Mutum ba zai je ya ce a ba shi "Kifin Yauri" ko "Albasar Yauri" su zama nasa shi kaɗai ba, don doka ba ta cika karɓar sunan gari ko sunan kayan kansu a matsayin tambari ba, kuma daidai ne, gama sunan Yauri na Basarke ne da Bagunge da duk mai nema a bakin ruwan nan. Amma dokar ta tanadi wani tambari na shaidar inganci, wanda wata hukuma ko ƙungiya ke riƙewa, ta bai wa duk wanda kayansa suka cika sharaɗi izinin bugawa. Masunta da masu banda, su kuwa, mutum goma sun isa su kafa ƙungiyar gama kai, rajistarta kuma a ofishin jiha ake yi. Wanda zai ƙulla warangi ko tarwaɗa cikin leda ya kai manyan kantuna, shi ma ya sani akwai lambar NAFDAC a gabansa, wadda ba ɗaya daga cikin takardun nan uku da ke maye gurbinta.

Yayyena ma'aikata, ku ne ake tarewa a ƙofar ofis da takarda a hannu ana cewa, "Malam, duba mini." Mu ɗalibai kuma idan mun je hutu mu ake miƙa wa waya mu cika fom, tun da yanzu rajistar CAC ta intanet ake yinta. Kafin ku danna kome, ku tambayi mai nema abin da yake tsoro: bashi ne, ko rabon gado, ko mai kwaikwayon kwalinsa? Daga amsarsa za ku san ofishin da za ku tura shi.

Shugaba, na ga kana duban agogo.